Tunau Mai Fito da Kiran Magariba

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku da barci bai ɗauke ba."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

To, ku matso kusa. Mai tari ya yi tarinsa yanzu.

Ranar Talata ce, tara ga watan bakwai na manoma, da la'asar sakaliya, rana ta sauko daidai kan giginya. Kada ku tambaye ni shekarar. Wanda ya ba ni labarin ya riƙe ranar da lokacin, shekarar kuwa ta ɓace masa, ni kuma ba na ƙara abin da ba a ba ni ba.

A ranar nan waɗansu mutane suka iso bakin Gulbi a guje, mahara na biye da su. Gulbi ya kawo, ya cika har bakinsa. Babu jirgi, babu kwalekwale. Sai wani saurayi a cikinsu, wai shi Tunau, yana da ƙaton goran fito. Mutum zai rungume goran, shi kuma ya yi iyo yana turawa. Mutum ɗaya goran ke ɗauka.

Sai ya fara. Ya kai wannan, ya dawo, ya kai wancan. Ƙanwarsa Marka, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce tsaye a gaɓa tana tsara mutane. In ya dawo ya ce ta zo, sai ta ce a kai mai ciki tukuna. Ya dawo, ta ce a kai makaho tukuna. Har ya rage daga ita sai wata tsohuwa, ga kuma haniniyar dawakin mahara ana ji daga nesa.

Ta ce, "Yaya, kai ta. Ni zan ɓuya cikin kyauro."

Ya ce, "In na dawo, ta ina zan gan ki?"

"Ka yi kira. Amma kada ka ambaci sunana, su san mace ce a nan. Ka ce, akwai saura? Ni kuma in ce, akwai."

Sai ya kai tsohuwa. Sai ya juyo. Amma hannuwansa sun mutu da gajiya. Yana tsakiyar ruwa, ruwa ya juya shi, gora ya suɓuce, shi kuma ya yi ƙasa.

Marka na cikin kyauro ta ga goran yayanta ya wuce, yana ta juyawa, ba kowa a jikinsa. Ta jira har duhu ya rufe. Sai ta tashi ta ratsa fadama, ƙaya na yagar ƙafarta, har ta faɗa wani ɗan ƙauye a bayan dutse. Mutanen ƙauyen suka ɗauke ta, suka ba ta kunu. Ta faɗa musu abin da ta gani, daga nan ta yi kwanaki ba ta ƙara magana ba. Sai suka sa mata suna Tsintau.

Tunau kuwa yana can ƙarƙashin ruwa, sai Gulbi ya yi masa magana. Ya ce yau ya ga mutum ya ratsa shi ya sake ratsawa ba don kansa ba, saboda haka ba ya son cinsa. Tunau ya ce to a sake shi, ya bar ƙanwarsa a ƙetare.

Gulbi ya ce, "Zan sake ka. Muddin kana kaina, ko kana gaɓar da ka kai mutanenka, mutuwa ba za ta gan ka ba. Amma waccan gaɓar na karɓe ta. Ranar da ƙafarka ta taka ta, mutuwar da na ɗage maka yau tana nan tana jiranka."

Da safe aka tsince shi kwance a kan yashi, da ransa.

Da magariba ta yi sai ya nemi wani gora, ya ƙetara, ya tsaya cikin ruwa dab da kyauro. Ya ce, "Akwai saura?" Shiru. Ya sake. Shiru. Ya yi na uku. Sai kwaɗi.

Ku sani, da magariba murya na tafiya a kan ruwa da fadama fiye da kowane lokaci. Marka ta ji. Ta zabura za ta fita, sai tsofaffin ƙauyen suka riƙe ta. Suka ce ba ita da bakinta ta ce ta ga goran ba kowa ba? Suka ce ruwa in ya ci mutum yakan riƙe muryarsa, ya riƙa kiran 'yan'uwansa da ita. Suka ce ko yaro ya san ba a amsa kiran magariba in ba a ga mai kiran ba.

Sai ta koma ta zauna.

Tunau ya yi aike. Masunci ya je, maharbi ya je, har wani wanzami ya je. Duk wanda ya shiga ƙauyen bayan dutse ya tambayi Marka, sai a ce ba a san mai wannan suna ba. Don tausayinta suke ɓoye ta. Ita kuma ba ta ƙara zuwa bakin Gulbi ba.

Mutanen da ya fitar suka kafa bukkoki a inda suka sauka. Aka riƙa ce wa wurin Tungar Fito. Tunau ya sassaƙa kwalekwale da maɗaci. Da rana ya yi fito, da magariba ya ƙetara shi kaɗai, ya yi kiransa uku, ya dawo. Waɗanda ya fitar suka tsufa suka mutu. 'Ya'yansu suka tsufa suka mutu. Shi furfura ta fito masa, ta tsaya nan.

Sai fatake suka gano wurin. Ayari ya riƙa sauka da jakuna, masu kanwa su yi kudu, masu goro su yi arewa. Aka yi zango, aka yi kasuwa. Tunga ta zama gari. Masu fito suka yi yawa, samari masu ƙarfi, kuma in sun ga ya dawo da kwalekwale ba kowa sai su tsokane shi.

"Baba, yau ma iska ka ɗauko? A zo a taya ka saukewa?"

Shi dai sai ya ɗaure jirginsa.

Wata magariba ya ce, "Akwai saura?" Sai ya ji an ce, "Akwai." Filafili ya kusa faɗuwa daga hannunsa.

Ya ce, "Marka?"

Aka ce, "A'a, Baba. Ni ne, kurkunu ya kama mini ƙafa, ayarinmu ya bar ni."

Tunau ya matso da kwalekwalen dab da kyauro. Sai ya ce, "To, shigo. Sai dai ka rarrafo, ni ba na sauka."

Mutumin nan marini ne. Da ya warke bai bi ayarinsa ba, ya haƙa karofi a gabas da kasuwa. Daga gare shi garin ya sami rini, har aka riƙa zuwa daga nesa neman baƙin zanensa. Ramukan suna nan har yau, na gan su, sai dai awaki ke faɗawa ciki.

Gari ya ƙara girma. Aka naɗa sarki, aka ja ganuwa, aka yi mata ƙofofi, wadda ke duban ruwa aka ce mata Ƙofar Kwata. Suna ya koma Birnin Fito. Sarki ya gaji sarki. A zamanin wani daga cikinsu yaƙi ya tashi tsakanin birnin da mutanen ƙetare. Aka yi shela cewa kowane jirgi ya kwana a ɗaure, kuma a rufe Ƙofar Kwata tun la'asar.

Tunau ya ƙetara. Kashegari dogarai suka kai shi fada.

Sarki ya tambaye shi wa yake nema. Ya ce ƙanwarsa. Sarki ya ce yaya take? Ya ce 'yar doguwa ce, da wushirya, ta ɗaura zanen saƙi, kuma tana ɗan ɗingishi don ta taka ƙaya a hanya. Fadawa suka fashe da dariya. Wani ya ce, ranka ya daɗe, kakan kakanka ma haka ya same shi, ai ƙayar ta isa fita. Sarki bai yi dariya ba. Ya dubi tsohon ya daɗe, sannan ya ce a sa wa kwalekwalensa sarƙa, amma kada a taɓa shi.

Sai Tunau ya shiga ɗakinsa ya sauko da tsohon gora daga rataye. Ya koma kwana a wajen ganuwa, don kada a rufe shi a ciki. Da magariba ya shiga ruwa da iyo kamar ranar farko.

"Akwai saura?"

"Akwai."

Wannan karon muryar mace ce. Ya ce, "Marka?" da ƙarfi, ya manta ba a ambatar suna.

Ta ce, "A'a, Baba. An ƙone garinmu. Mutanenku ne suka ƙone shi."

Ya ce, "To, rungumi goran."

Matar nan ta zauna a bakin kwata tana sayar da fura. Ba ta da kowa a birnin, ba ta kuma nemi kowa ba. Kullum in ya dawo daga kiransa sai ya tarar ta ajiye masa ƙoƙon fura a kan dutsen da yake ɗaure jirgi. Ba sa hira. Wani lokaci ta ce, "Ba ta amsa ba?" Ya ce, "Tukuna." Shi ke nan. Haka har ta yi furfura, har bayanta ya ranƙwafa, har wata magariba ya dawo ya ga dutsen ba ƙoƙo. Shi ya haƙa mata kabari. Tun daga nan ya daina tambayar mutane sunayensu, don ya gaji da riƙe sunan da ba mai amsa shi.

Yaƙi ya ƙare, wani ya zo, shi ma ya ƙare. Sai wata damina aka ji kuka a kan Gulbi kamar na saniya, aka ga jirgi mai hayaƙi. Turawa sun zo. Suka gina sito a bakin ruwa, suka kafa sikeli, aka riƙa kai musu gyaɗa da kaɗanya da fata. Aka buɗe kantuna. 'Yan Mishan suka yi makaranta a bayan ganuwa, da ƙararrawa rataye a jikin tsamiya. Ganuwar kanta aka riƙa ɗibar ƙasarta ana yaɓe, har ta zama tudu. Aka kawo jirgin fito mai inji, mai ɗaukar mota da shanu a tafiya ɗaya. Ba wanda ya ƙara shiga kwalekwalen Tunau. Aikinsa ya rage ɗaya, na magariba.

"Akwai saura?"

"Akwai, don Allah."

"Marka?"

"A'a, Baba. Istifanus ne, sabon malamin makaranta. Jirgin inji ya tafi ya bar ni."

"To, shigo. Riƙe akwatinka da kyau."

Malamin nan mai yawan tambaya ne. Kafin su kai tsakiyar ruwa ya ji labarin duka. Ya gyara lemarsa, sannan ya ce, "Baba, ka gafarce ni. In ta rasu fa?"

Tunau ya ce, "In ta rasu, ai sai a faɗa mini. Ba wanda ya faɗa mini."

Da hutu ya zo malamin ya taka har ƙauyen bayan dutse. Suka karɓe shi da ruwan sha. Da ya faɗi wadda yake nema da mai nemanta, sai suka karɓe ƙoƙonsu, suka nuna masa hanya. Ya dawo ya ce, Baba, ba su san ta ba. Tunau ya ce ya gode.

Daga nan sai aka yi gada. Ba a Birnin Fito aka yi ta ba, can sama aka yi ta, inda Gulbi ya tsuke tsakanin duwatsu. Kwalta ta bi gada. Mota ta bi kwalta. Kasuwa ta bi mota. Jirgin inji ya tsaya, ya yi tsatsa. Masu kanti suka tashi, marina suka tashi, makaranta ta kwance ƙararrawarta. Sarki ma ya ce zai je ya dawo, sai aka ga an zo ɗaukar ƙofar fadarsa. Nan inda muke zaune, shi ne inda suka dawo. Wancan kuwa aka riƙa ce masa Tsohon Fito.

Tunau ya riƙa ratsa unguwanni in zai sauka kwata. Tumfafiya ta fito a tsakar gidaje. Jemagu suka gaji sito. Babu ma yaron da zai tsokane shi, har ya riƙa kewar tsokanar.

Wata magariba, cikin marka, ana yayyafi, ya ƙetara. Ya tsaya dab da kyauro.

"Akwai saura?"

Shiru.

"Akwai saura?"

Shiru.

"Akwai saura?"

Ya sa filafili zai juya, sai ya ji daga can cikin fadama, da wata 'yar murya mai rawa, an ce, "Akwai. Ka jira ni, ba na sauri."

Ya jira. Kyauro ya buɗe, sai ga wata tsohuwa da sanda, da ƙullin kaya a ka, tana jan akuya. Doguwa ce, da wushirya a 'yan haƙoran da suka rage mata.

A hankali ya ce, "Marka?"

Ta ce, "A'a, Tabawa." Ta sa hannu a goshi ta dube shi sama da ƙasa. "Af. Ashe mutum ne. Kai ne ka hana mu ɗiban ruwa da magariba tun kaka da kakanni? Ga ka ɗan tsoho, ko akuyata za ta ka da kai."

Ya tambaye ta daga ina. Ta ce daga ƙauyen bayan dutse. Ta ce kowa ya tashi ya bi kwalta, 'ya'yanta sun ce za su aiko a ɗauke ta, damina ta zagayo ba su aiko ba. Ta ce ta kwana biyu ba ta ji muryar mutum ba sai tasa. Shi ya sa yau ta ce, in ma aljani ne, ai ya fi shiru.

Ya ce me ya sa ba sa amsawa.

Ta ce gado ne. Ta ce kakarsu ta farko, Inna Tsintau, tsintar ta aka yi ranar da Gulbi ya cinye yayanta a kan idonta, ta ga goransa ya wuce ba kowa. Ruwan ya riƙe muryarsa yana kiranta da ita. Ita ta bar wa 'ya'yanta wasiyya kada su amsa.

Tunau ya ajiye filafili a kan cinyarsa. Yayyafi na sauka a kansa.

Ya ce, "Tana ji?"

"Wa?"

"Inna Tsintau. Tana jin kiran?"

Tabawa ta ce, "Ji? An ce ko tuwo ke kan wuta, in magariba ta yi sai ta sauke. Ta je bakin ƙauye ta zauna a kan dutse, ta toshe bakinta da gefen zanenta, har a yi kiran nan uku. Ranar aurenta ma sai da ta je. Ba ta taɓa amsawa ba, ba ta kuma taɓa fashi ba. Da za ta rasu ta ce a binne ta a nan, inda ake ji sosai." Ta tsaya. Ta sake dubansa. "Kaka, kai ne?"

Ya ce, "Ta tsufa?"

"An ce ta ga tattaɓa kunnenta."

"Ƙafar fa? Ta taka ƙaya."

"Wannan ban sani ba, Kaka."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To, shigo. Ki fara sa akuyar."

Ya kai ta Tsohon Fito. Ya nuna mata ɗakinsa, da inda gero yake, da rijiyar da ba ta ƙafe ba. Ya kai ta gidan limami, wanda shi ma bai tashi ba, ya ce ga jikarsa, a riƙa leƙa ta. Ya kwana yana tambayarta, ita kuma tana faɗa masa abin da ta sani, wanda ba shi da yawa.

Da safe ya tambaye ta hanyar dutsen. Ta ce in ya ratsa fadama ya bi gindin kanya, ba nisa. Ta ce ya dawo da wuri, za ta dama kunu. Ya ce ta dama nata.

Ta tsaya a kwata tana kallo. Ya ƙetara. Wannan karon bai tsaya dab da kyauro ba, ya tura kwalekwalen har hancinsa ya hau yashi. Ya zauna kaɗan. Sai ya miƙe, ya sauke ƙafa ɗaya, ya sauke ɗayar. Ta ga bayansa ya ranƙwafa nan take. Ta ga ya yi taku, ya sake yi, yana dafa kyauro. Sai kyauro ya rufe shi.

Ko ya kai dutsen, ko bai kai ba, ban sani ba, ba kuwa zan ƙirƙira muku ba. Kwalekwalen dai da la'asar ruwa ya ɗago shi, ya kawo shi kwata, ba kowa a ciki.

Da magariba Tabawa ta sauko ta zauna a kan dutsen ɗaure jirgi. Ba wanda ya yi kira. Ta saurara, ta saurara. Sai ta ce, "Akwai."

Haka take yi kullum. Ni da kaina na same ta tana yi, shekarar da na je.

Waɗanda na tarar a Tsohon Fito su ne: limami, wanda shi ne ladan, shi ne kuma sahu. Matarsa, wadda ba ta gani. Wani masunci da ba ya magana da kowa. Tabawa. Akuyarta, da 'ya'ya biyu. Sai tsamiyar makaranta, da igiyar ƙararrawa har yanzu a jikinta.

Ƙurunƙus kan kusu, wutar ma ta mutu. In kun ji ana kiranku kuna jin tsoro, ku nemi babba ya raka ku, ku je ku ga mai kiran. Ku tashi ku kwanta. Wanda ya fita ƙarshe ya jawo mini ƙofa.